Yadda Ake Fara Neman Maganin Damuwa Ta Hanyar Tattaunawa

Jawabin da aka gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, domin tunawa da Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya



Tun daga shekarar 1992 aka keɓe ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara domin a tuna wa jama'a cewa lafiyar zuciya da ta tunani tana buƙatar kulawa kamar lafiyar jiki. Wannan jawabi zai yi bayani ne a kan ciwon damuwa, da yadda yake shiga tsakanin miji da mata, da kuma yadda mai fama da shi zai fara neman magani a wurin ma'aikatan lafiya da aka horar domin su zauna da mutum, su saurare shi, su taimaka masa ya sami mafita.

BAƘIN CIKI DA CIWON DAMUWA

Babu ɗan Adam da ba ya shiga baƙin ciki. Rasuwa, asarar amfanin gona, mutuwar aure, bashi, duk suna sa zuciya ta yi nauyi. Ko a tarihin Musulunci akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda a cikinta Manzon Allah (SAW) ya rasa matarsa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Saboda haka baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Yawanci yakan yi sauƙi da kansa idan kwanaki sun tura, mutum ya koma gonarsa ko sana'arsa.

Ciwon damuwa kuwa shi ne idan nauyin zuciyar ya zauna, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, ya kuma hana mutum gudanar da harkokinsa. Alamominsa sun haɗa da rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, rashin barci ko farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, rashin cin abinci da ramewa, kasala, yawan kuka, saurin fushi, mantuwa, da ganin kai ba shi da wani amfani. Wani kuma fargaba ce ke damunsa, gabansa ya riƙa faɗuwa ba dalili, ya yi ta gumi, numfashinsa ya riƙa sarƙewa.

A ƙauye ba kasafai mutum yake cewa yana cikin damuwa ba. Abin da ake ji shi ne, "kaina yana zafi," ko "wani abu yana yawo a jikina," ko "ƙirjina ya tokare." Sai a yi ta shan maganin zazzaɓi da na shawara da na basir, kuɗi su ƙare, ciwo yana nan. Ciwon jikin gaskiya ne, ba ƙarya mai shi yake yi ba, amma sau da yawa tushensa yawan tunani ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma ya fi yawa ga mata. Hukumar ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na masu juna biyu da masu jego suna kamuwa da shi. Ke nan a ajin mata talatin, da wuya a rasa wadda ta taɓa ɗanɗana shi.

DAMUWA DA ZAMAN AURE

Damuwa da rikicin gida suna ciyar da juna. A ɗauka ga magidanci wanda damina ta yi masa gardama, bashin taki yana kansa. Ba ya barci, ya daina hira, abu kaɗan sai tsawa. Matarsa ba ta san abin da ke cikinsa ba, sai ta ɗauka ya daina son ta ne, ko yana neman aure. Ita ma ta ɗaure fuska. Shi kuma da ya ga haka sai ya ce ta raina shi don ba shi da kuɗi, ya riƙa kai dare a waje. Kafin wata uku an yi yaji, an yi biko, wataƙila har an furta saki, alhali babu wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa ainihin abin da ke damunsa.

Haka abin yake ga mai jego da ta kasa kula da jaririnta aka ce lalaci ne, da amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, da uwargidan da aka yi wa kishiya aka ce ta yi haƙuri kurum, da matar da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da 'ya'ya da surukai. Haƙuri abu ne mai kyau, amma Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

MENE NE MAGANIN TATTAUNAWA?

Wani zai ce, ai magana ba magani ba ce, kuma ga iyaye ga malamai masu nasiha. Nasiha tana da amfaninta. Bambancin shi ne, mai nasiha yakan gaya wa mutum abin da ya kamata ya yi, shi kuwa ma'aikacin da aka horar yakan fi saurare da tambaya, har mai damuwar ya gano da kansa inda ƙullin yake. Kuma ba dangin miji ba ne, ba dangin mata ba ne, ba shi da ɓangare.

Aikin yana da tsari. Ana zama yawanci sau ɗaya a mako, na kusan awa ɗaya, har makonni shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci fiye. Hanyar da aka fi amfani da ita ta ginu ne a kan cewa tunani da yanayin zuciya da aiki a ɗaure suke da juna. Wanda ya saka a ransa cewa kowa ya tsane shi zai ji ƙunci, ƙuncin ya sa ya ƙi fita, rashin fitar ya sa mutane su daina nemansa, sai ya ce ga shi nan, dama ya faɗa. Ma'aikacin zai taimaka masa ya auna wannan tunani, ya ga ko gaskiya ne ko zato, sannan ya koma cikin mutane da kaɗan-kaɗan.

Wannan aiki ba baƙon abu ba ne a Afirka. A shekarar 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Ya ga cewa mutum ya fi saurin warkewa a cikin jama'a. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasar Zimbabuwe kuma, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti, suna sauraren masu fama da abin da mutanen can ke kira yawan tunani, zama shida ga kowane mutum. Binciken da aka buga a shekarar 2016 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba.

INA AKE ZUWA?

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, ko da ɗakin shan magani ne na ƙauye. Tun shekarar 1991 manufar gwamnatin Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Gaskiya ne ba kowane ƙaramin asibiti ke da wanda aka horar a wannan fanni ba, kuma ƙwararrun sun yi kaɗan ƙwarai, yawancinsu a birane suke. Amma malamin asibiti zai iya duba mutum, ya rubuta masa takardar tura shi gaba zuwa babban asibiti.

Akwai asibitocin da wannan ne aikinsu, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su ma suna da sashen. Jama'a sukan ji tsoron sunan waɗannan wurare, suna cewa asibitin mahaukata ne. Alhali mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, a gan su, su koma gida a ranar. Cikinsu akwai manoma, malaman makaranta, 'yan kasuwa da matan aure.

A can za a tarar da ma'aikata iri-iri. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam shi ne gwanin tattaunawa. Akwai nas-nas da aka horar a fannin, akwai kuma jami'in jin daɗin jama'a mai shiga maganar iyali da ta zaman gida. Matambayi ba ya ɓata: mutum ya faɗa a fili cewa yana son a haɗa shi da wanda zai riƙa zama da shi suna tattaunawa.

RANAR FARKO

Kafin a tashi daga gida, yana da kyau a tanadi kuɗin mota da na kati, a kuma ɗauki duk magungunan da ake sha, na asibiti da na gargajiya, domin ma'aikaci ya gani. Wanda ya iya rubutu ya rubuta abubuwa uku da suka fi damunsa da lokacin da suka fara. Ana iya tafiya da wani amintacce, amma mai damuwar yana da ikon ya ce yana son a gan shi shi kaɗai. Mace kuma tana iya roƙon a haɗa ta da mace idan akwai.

Zaman farko na tambayoyi ne. Za a tambayi barci, cin abinci, aiki, zaman gida, rasuwar da aka yi, da ko ana shan wani abu mai sa maye. Za a iya auna jini, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da wasu cututtuka sukan kawo kasala da faɗuwar gaba irin na damuwa. Za a kuma tambaya ko mutum ya taɓa tunanin gara ya mutu ya huta. Kowa ake yi wa wannan tambaya, ba zargi ba ne, kuma amsa ta gaskiya ita ke ceton rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba dole ba ne a faɗi komai a rana ɗaya. Wanda kuka ya zo masa ya yi, ma'aikatan sun saba gani. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, ba za a kai wa miji ko uwar miji ko mai unguwa ba. Inda kawai ma'aikaci zai nemi taimakon wani shi ne idan ran mai maganar ko na wani yana cikin haɗari. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a kiyaye sirrinsa, a mutunta shi.

Kafin a fito, mutum ya tambayi abubuwa huɗu: mene ne ke damuna, zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin, kuma yaushe zan dawo. Wanda garinsa ke da nisa ya faɗa tun farko, domin a duba ko za a tsara masa zuwa duk mako biyu, ko a riƙa yin wani zaman ta waya.

MAKONNIN DA KE BIYE

Yawancin aikin a gida ake yin sa. Akan koya wa mutum jan numfashi a hankali domin kwantar da faɗuwar gaba. Akan sa ya jera matsalolinsa, ya raba waɗanda yake da iko a kansu da waɗanda ba shi da iko, ya ɗauki ƙarama guda ɗaya ya fara da ita. Mai bashin taki ba zai iya dawo da damina ba, amma zai iya zuwa wurin mai bashin a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, zai kuma iya gaya wa matarsa halin da ake ciki. Akan kuma sa mutum ya koma kan ƙananan ayyukan da ya bari, ko da zuciyarsa ba ta so: sallah a jam'i, gaida maƙwabta, saƙa, kiwo, zuwa adashi. Mai damuwa yakan jira sai ya ji daɗi kafin ya tashi, alhali tashin ne ke jawo jin daɗin.

A nan ɗaliban yaƙi da jahilci suke da riba. Wanda ya iya riƙe fensir zai iya ajiye ɗan littafi, kullum ya rubuta awa nawa ya yi barci, me ya ɓata masa rai, me ya yi a kai. Zai karanta ranar komawa asibiti a jikin katinsa, ya karanta ƙa'idar magani, ba sai ya kai wa wani ya ga sirrinsa ba.

Wasu sukan ji nauyin ya ƙaru a zama na biyu ko na uku, saboda an taɓo abin da aka daɗe da binnewa. Wannan ba dalilin dainawa ba ne, sai dai a gaya wa ma'aikacin. Wasu kuma da sun ji sauƙi kaɗan sai su bar zuwa, ciwon ya dawo. Idan an yi zama huɗu ko biyar mutum bai saki jiki da ma'aikacin ba, yana da damar ya nemi a canza masa wani.

IDAN MATSALAR TA MA'AURATA CE

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Addini ya san da haka, shi ya sa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka. Zaman asibiti bai soke wannan ba. Sulhun dangi yakan kashe wutar ranar, shi kuwa zaman tattaunawa yakan koya wa ma'aurata yadda za su yi magana gobe ba tare da wutar ta sake tashi ba.

A irin wannan zama ma'aikaci ba alƙali ba ne, ba zai ce wane ne mai laifi ba. Kowa zai yi magana ba a katse shi ba, ɗayan kuma ya maimaita abin da ya ji, domin a tabbata ya fahimta. Akan koya musu faɗin abin da ya dame su ba tare da gori ko tono tsohon laifi ba. "Raina yana ɓaci idan ka fita ba ka bar cefane ba, ba ka kuma ce komai ba" ya fi "kai dama ba ka taɓa riƙe gida ba" saurin shiga kunne. Akan ɗauki magana ɗaya a lokaci ɗaya: yau cefane, wani mako rabon kwana, wani mako zaman surukai.

Idan miji ya ƙi zuwa, matar tana iya farawa ita kaɗai, haka shi ma. Maigida kuma ya sani cewa barin matarsa ta je asibiti ba tonon asirin gidansa ba ne, yana cikin haƙƙin kula da lafiyarta da ke wuyansa. Amma inda akwai duka ko barazana ga rai, ba a fara zaman haɗin gwiwa. Abin da ke gaba shi ne tsaron lafiyar wadda ake duka, a gan ta ita kaɗai, a sanar da waliyyanta da hukuma.

MAGANAR ƘWAYOYI DA ADDU'A

Damuwa marar tsanani takan warke da tattaunawa kaɗai. Idan ta yi tsanani likita yakan haɗa da ƙwaya. Irin wannan ƙwaya ba ta aiki nan take, takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Ba a daina ta farat ɗaya sai da shawarar likita. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa kafin a rubuta musu. A guji sayen maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, a kuma guji Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a shekarar 2018. Suna rufe damuwa na awoyi, su bar mutum da ciwo biyu.

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna kwantar da zuciya, babu ma'aikacin kirki da zai hana su. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda ake yi wa mai karaya. Abin da ba shi da kyau shi ne duka, da horon yunwa, da sa mari. A shekarar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, da yawansu da tabon sarƙa a ƙafa. Haka kuma a yi hattara da mai cewa kishiya ce ko uwar miji ta yi sammu. Wannan magana ta raba zumunci da yawa, marar lafiya kuma yana nan da ciwonsa.

ALAMOMIN DA BA A JIRA

Akwai lokacin da ba a jiran ranar kasuwa ko sai an sayar da akuya. A kai mutum asibiti a ranar idan yana maganar kashe kansa ko yana yi wa mutane bankwana, idan ya daina ci da sha, idan yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko idan mai jego ta rikice cikin makonnin farko na haihuwa, ba ta barci, tana maganganun da ba su da kai. Kafin a isa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da igiya da wuƙa, mai jego kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi ƙofar yin magana.

AIKIN DANGI DA SHUGABANNI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su saurara ba tare da cewa "wane ma ya fi ka shiga wahala" ba. Su taimaka da kuɗin mota, su riƙe yara ranar zuwa asibiti, su kama bakinsu. Wanda ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa kada a laƙaba masa suna, kada a hana 'ya'yansa aure saboda haka. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, ungozomomi su lura da masu jego, malaman aji kuma idan ɗalibi mai ƙwazo ya ɗauke ƙafa ba dalili, su bi sawu su ji lafiya.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da gidaje lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.